Yadda Za a Gano Taruwar Ruwa a Ƙwaƙwalwar Yaro Bayan Zazzaɓi Mai Tsanani

Ƙwaƙwalwa tana samar da wani ruwa garai-garai, kimanin rabin lita a kullum a jikin babban mutum, wanda yake bi ta wasu ƙananan hanyoyi kafin jini ya tsotse shi. Idan ƙwayar cutar bairas ta kai ga ƙwaƙwalwa, kamar yadda hangum yakan yi wa wasu yara ƙalilan, ko wata cutar bairas mai suna CMV da jariri yake ɗauka tun yana cikin mahaifa, kumburin da ta haddasa yakan bar tabo da zai toshe hanyoyin. Ruwan ya rasa mafita, sai ya taru ya matse ƙwaƙwalwa. Abin da yake yaudarar iyaye shi ne matsalar tana iya bayyana bayan makonni ko watanni da saukar zazzaɓin, lokacin da kowa ya ɗauka yaro ya warke.

Saboda haka, uwar da jaririnta ya yi irin wannan jinya ta nemi tef ɗin awo irin na tela. Ta zagaya shi daga saman gira, ta saman kunnuwa, zuwa inda ƙeya ta fi tudu, sau ɗaya a mako, ta rubuta adadin da kwanan wata a bayan katin rigakafi. Kan jariri yakan kai kimanin santimita 35 ranar haihuwa, ya ƙaru da kusan santimita 2 a kowane wata cikin watanni ukun farko. Idan ƙaruwar ta zarce haka ƙwarai, ko hular da ta yi masa daidai makon jiya ta ƙi shiga, kada a jira ranar awo.

A duba maɗiga lokacin da yaro yake zaune ba ya kuka, domin kuka ma yana iya ɗaga ta. Maɗigar da ta kumbura ta yi tauri, da jijiyoyin da suka fito raɗa-raɗa a fatar kai, da idanun da suka karkata ƙasa har fari ya bayyana a sama, duk alamu ne na gaggawa, haka ma yawan amai da barcin da ke hana shan nono. Yaron da ƙasusuwan kansa suka riga suka haɗe kuwa kansa ba zai girma ba, sai dai ciwon kai da sassafe, da amai, da tangaɗi wajen tafiya.

Ina roƙon iyaye kada su kai yaro a yi masa tsaga ko sakiya, domin ruwan yana can cikin ƙwaƙwalwa, raunin kuma zai ƙara jawo cuta. A nufi asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, inda za a ɗauki hoton kan. Magani tiyata ne: ko a saka siririn bututu da zai kwashe ruwan daga kai zuwa cikin cikin yaron, ko a buɗe masa sabuwar hanya a cikin ƙwaƙwalwa, dabarar da Dakta Benjamin Warf ya bunƙasa ga jarirai a Mbale ta ƙasar Uganda.

Yaron da aka saka wa bututu, idan ya soma zazzaɓi, ko amai, ko fatar da ke kan bututun ta yi ja, a mayar da shi asibiti a ranar, domin bututun yana iya toshewa ko ya kamu da cuta.