Yadda ake cire ƙuma daga jikin jaririn kyanwa ba tare da an cutar da shi ba

Ɗan kyanwar da bai kai sati 8 ba, yawancin magungunan ƙuma sun fi ƙarfinsa. Ita kuma ƙumar ba a barinta, domin jininsa kaɗan ne, in ta yi yawa tana iya zuƙe shi har ya mutu. Don haka kafin komai, ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Mai lafiya dasashinsa ja-ja yake. In ka ga ya yi fari fat, ga kasala, ya ƙi tsotso, bar maganar wanka, kai shi wurin likitan dabbobi ranar nan.

In da ƙarfinsa, fara da mashaci mai matsattsun haƙora, irin na ƙwarƙwata. Ajiye kwano da ruwan sabulu a gefe, kana tajewa kana tsoma mashacin ciki. Ka fi mai da hankali kan wuya, hammata da gindin wutsiya. Safe da yamma.

Wanka sai ƙumar ta yi yawa. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, kamar digiri 38, wanda gwiwar hannunka ba ta jin zafinsa. Ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa na wanke-wanke mara turare sun isa. Fara zagaye wuyansa da kumfa kafin ka jiƙa jiki, don da zarar ƙuma ta ji ruwa sai ta gudu kai, ta shige kunne da gefen ido, kumfar ce ke tare mata hanya. Kada kai ya shiga ruwa. Fuska da tsumma mai laima ake gogewa. Duka kada ya wuce minti 5. Ɗauraye sosai.

Abin da ya fi kashe jariran kyanwa bayan wanka sanyi ne. Ƙasa da sati 4 jikinsu bai iya riƙe ɗumi da kansa ba. Goge shi da tawul har ya bushe sarai, ka naɗe kwalbar ruwan ɗumi a zane ka ajiye kusa da shi. Da hunturu, a yi wankan da rana tsaka a cikin ɗaki.

Kada a kusance shi da kananzir, fiya-fiya, Dettol, feshin sauro ko maganin kaskar shanu. Maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin yana cikin mafi muni: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, sai dalalar miyau, karkarwa da jijjiga su biyo baya. Ƙwayar maganin ƙuma ta nitenpyram kuwa sai ya kai sati 4 kuma nauyinsa ya kai giram 900, shi ma da izinin likita.

Ƙumar da ke jikinsa kaɗan ce a kan ƙwai da tsutsotsin da ke cikin shimfiɗa. Wanke tsummokaran da ruwan zafi, ka shanya a rana, ka share ɗaki kullum. A yi wa uwar magani wanda likita ya ce ya dace da mai shayarwa, in ba haka ba cikin kwana biyu ƙumar ta dawo.