Zaman Ikariya: motsa jiki da shiga jama'a daga bazara har hunturu

Ikariya tsibiri ne na ƙasar Girka a gabashin tekun Ejiyan, kusa da tsibirin Samos, kuma ƙidayar 2021 ta nuna mazaunansa ba su kai dubu tara ba. Wanda ya sauka a tashar Agiyos Kirikos ko ta Evdilos cikin watan Agusta zai tarar da cunkoson masu yawon buɗe ido. To amma da zarar Nuwamba ta kama, yawancin gidajen abinci na bakin teku sai su rufe, sanyi ya zo tare da ruwan sama, kuma idan iska ta yi ƙarfi hukuma takan hana jirgin ruwan da ke zuwa daga Fireyas, tashar birnin Atens, tashi. A lokacin ne kaɗaici yake kama baƙo, kuma wanda bai saba da mutanen ƙauye tun da bazara ba, shi ne yake shan wuyarsa.

Abin da ya fi sauƙi shi ne tafiyar ƙafa. Dutsen Ateras, wanda tsayinsa ya haura mita dubu, ya raba tsibirin kudu da arewa, kuma tsoffin hanyoyin ƙafa da ake kira monopati sun haɗa ƙauyuka da gonaki. An san Ikariya da yawan masu tsawon rai, kuma duk wanda ya ga tsohuwa tana hawa tudu zuwa lambunta kowace safiya zai gane cewa a nan motsa jiki yana cikin hidimar yau da kullum. Sabon zuwa ya nemi takalmi mai ƙarko, ya riƙe ruwan sha, ya gaya wa wani inda ya nufa, domin hazo yakan rufe saman dutse ba zato. Lambar neman agajin gaggawa 112 ce.

Iyo kuwa yana buƙatar taka-tsantsan, musamman ga wanda iyakar saninsa da ruwa kududdufi ne ko gulbi. A Yuli da Agusta iskar arewa da ake kira meltemi tana tayar da igiyar ruwa a bakin tekun Mesakti da Nas da ke gefen arewa, kuma ruwan yakan ja mutum ciki ko da ya ƙware. Gara a koya a gefen kudu, a ranar da teku ya kwanta, tare da wanda ya iya. A garin Terma akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi da ake wanka a cikinsu tun zamanin da, sai dai mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara jin ta bakin likita.

Babbar ƙofar shiga jama'a ita ce panigiri, wato bikin da kowane ƙauye yake yi ranar tunawa da waliyyin cocinsa, daga Mayu zuwa Oktoba. Na Agiyos Kirikos ranar 17 ga Yuli ne, ranar da tsibirin ya kori mulkin Turkawan Usmaniyya a 1912. Na ƙauyen Kiristos Rahes ranar 6 ga Agusta. Na Langada kuma, wanda yake tara dubban mutane, ranar 15 ga Agusta. Ana jera dogayen tebura a dandali, a ci naman akuya da burodi, a sha giyar inabi, sannan mai goge ya fara kiɗan Ikariyotikos, jama'a su dafa kafaɗun juna su yi da'ira, yaro da kakarsa da baƙo duk a layi ɗaya, wani lokaci har gari ya waye. Kuɗin abincin da aka sayar yana komawa ga ƙauyen ne, a gyara hanya ko makaranta ko cocin.

Musulmi zai tambayi kansa ko wannan wurin zuwansa ne, tunda ga giya, ga cakuɗar maza da mata a rawa, ga nama wanda bai san yankansa ba. Kowa da inda ya ja layinsa. A ganina hanya mafi kyau ita ce mutum ya je da rana, lokacin da ake jera kujeru da yanka burodi da ɗebo ruwa, ya sa hannu kamar yadda zai yi a aikin gayya a gida. Mutanen ƙauye ba sa mantawa da wanda ya taya su aiki. Idan an miƙo giya, kalmar godiya, efkaristo, tare da dafa ƙirji ta wadatar, kuma akwai burodi da cuku da salak.

Ƙungiyar ƙauye, wadda ake kira sillogos, ita ce take shirya bikin, kuma a Girka irin waɗannan ƙungiyoyi su ne suke koyar da rawar gargajiya da shirya tarukan hunturu. Sanarwarsu tana fitowa a bangon kafeniyo, wato shagon shan gahawa na ƙauye, ko a Facebook, don haka ya kamata mutum ya riƙa leƙawa can ko da shayi kawai zai sha. Wanda yake son shiga ƙungiyar ƙwallo ko ɗakin motsa jiki ya tanadi takardar shaidar lafiya daga likita, domin ana nemanta. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuma ana girbin zaitun: a shimfiɗa raga a ƙarƙashin bishiya, a kakkaɓe 'ya'yan, a kinkimi buhuna a kan gangare. Aiki ne mai gajiyarwa, kuma sau da yawa mai gona yakan sallami wanda ya taya shi da man zaitun.

Sai batun lokaci. A Kiristos Rahes shaguna sukan buɗe da yamma su kai tsakar dare, kuma idan an ce taro ƙarfe takwas, wanda ya zo ƙarfe tara bai makara ba. Mai aikin safe ya tambayi masu shirya taron ainihin lokacin da za a fara kafin ya bar gida.