Yadda ake gano abin da ya cushe sabar da mutane da yawa ke amfani da ita

A cibiyoyin koyon kwamfuta da ɗakunan gwajin ɗalibai a nan Jos, an saba ajiye sabar Linux guda ɗaya, kowa ya shiga da asusunsa ta SSH, wato hanyar shiga saba daga wata kwamfutar. Da zarar lokacin miƙa aikin kammala karatu ya gabato, sai ƙorafi ya fara: "Malam, sabar ta tsaya." Galibi lafiyarta ƙalau. Wani ne ya kai iyakar da aka gindaya masa, ko kuma ya cinye rabon kowa, kamar mai zuwa famfon unguwa da jarkoki ashirin.

Kada ka yi saurin kashe ta ka kunna, domin hakan yana share sawun matsalar, gobe kuma ta dawo. Fara da karanta saƙon da ya fito. Idan ka ga "Too many open files", manhajar ta buɗe fayiloli fiye da yadda aka yarje mata, kuma a Linux kowane haɗi da intanet ana lissafa shi a matsayin fayil. Idan "fork: retry: Resource temporarily unavailable" ne, mai asusun ya ƙure adadin ayyukan da zai iya tayarwa. Idan kuwa aikin ya mutu da kalmar "Killed" kawai, to galibi RAM ce ta ƙare. Shi "No space left on device" sauƙi gare shi: duba df -h, in ka ga akwai fili ka duba df -i, wataƙila ɗimbin ƙananan fayiloli ne suka cinye gurabun rajistarsu.

Daga nan ka duba iyakokin da ulimit -a, amma daga cikin asusun mai ƙorafin, domin na root, wato asusun mai kula da sabar, daban ne. Kowace iyaka iri biyu ce. Mai laushi ita ce ke aiki a yanzu, kuma mai asusu zai iya ɗaga ta da kansa har zuwa mai tsauri, wadda root kaɗai ke iya ƙarawa. ulimit -Sn da ulimit -Hn za su nuna maka su a kan adadin fayiloli, mai laushin kuma yawanci 1024 ce. Idan manhajar ta riga ta tashi, nemo lambarta da pgrep, a ce 2314 ce, ka rubuta cat /proc/2314/limits. Abin da ke wurin shi ne ainihin iyakar da take aiki da ita.

A nan nake so ka ɗan dakata kafin ka ƙara wa kowa komai. Rubuta ls /proc/2314/fd | wc -l, ka jira minti biyu, ka maimaita. Idan adadin ya tsaya kusa da 1024, manhajar tana buƙatar ƙari da gaske. Idan kuwa hawa yake ta yi ba sauka, to ɗalibin ya rubuta shirin da ke buɗe fayil ba ya rufewa, ko ka ba shi 60000 zai cinye su. Zauna da shi ku gyara shirin, shi ma zai ƙaru. Don sanin wanda ya fi tayar da ayyuka, yi amfani da ps -eL -o user= | sort | uniq -c | sort -rn. Harafin L ɗin yana da muhimmanci, saboda iyakar adadin ayyuka, wato nproc, tana ƙirga har zarurrukan da ke cikin kowane aiki, manhajar Java ɗaya kuwa tana iya tayar da su da yawa.

In ka tabbatar ƙari ake buƙata, buɗe sabon fayil a /etc/security/limits.d/, misali dalibai.conf, ka rubuta:

@dalibai soft nofile 4096
@dalibai hard nofile 8192
@dalibai hard nproc 500

Alamar @ tana nufin rukuni, soft mai laushi, hard mai tsauri, nofile kuma adadin fayiloli. Canjin ba zai kama ba sai mutum ya fita ya sake shiga. Idan ya sake shiga bai ga bambanci ba, tabbatar akwai layin pam_limits.so a cikin /etc/pam.d/sshd.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne manhajojin da systemd, mai tayar da ayyukan sabar da kanta, ke tayarwa, irin su nginx ko MySQL. Waɗannan ba ruwansu da wancan fayil ko kaɗan. Rubuta systemctl edit nginx, ka sa LimitNOFILE=65536 a ƙarƙashin [Service], sannan ka sake tayar da manhajar, ka leƙa /proc ka ga ko ya kama.

Batun RAM kuma, journalctl -k | grep -i "killed process" zai nuna maka aikin da aka kashe. Kada ka ɓata lokaci da layin rss, na taƙaita RAM, a fayil ɗin iyakoki irin wanda ka rubuta a sama, Linux ta daina kula shi tun fitowar 2.4.30. Nemo lambar asusun da id -u tare da sunansa, a ce 1005 ce, ka rubuta systemctl set-property user-1005.slice MemoryMax=4G. Daga nan in shirinsa ya wuce gona da iri, nasa kaɗai za a kashe, na sauran ɗalibai ya ci gaba.

Wani lokaci ayyukan mutum kan yi yawa har ya kasa shiga asusunsa. Shiga da root ka rubuta loginctl terminate-user tare da sunan asusun. Amma ka kira shi a waya tukuna, domin duk abin da bai adana ba zai tafi, wataƙila kuma lissafi ne da ya bari yana gudana tun daren jiya.