Hawan duwatsun Damagaram: yadda ake duba sama da jikin dutse kafin a hau

Duwatsun da suka yi wa Zinder ƙawanya, har da waɗanda ke tsakiyar gidajen Birni, baƙin dutse ne mai tauri, irin wanda Turawa ke kira giranit. Cikinsa ba ya ruɓewa da sauƙi, amma fatarsa tana ɓarewa. Rana ta gasa shi, dare ya sanyaya shi, ruwan damina ya shiga tsaguwa, shekara da shekaru, har ɓawo ya rabu da uwar dutsen yana nan manne kamar lafiyayye. Wannan ɓawon shi ne abin da ya fi kayar da mai hawa a nan.

Saboda haka kafin ka ɗora nauyinka a kan kowane mariƙin hannu, ƙwanƙwasa shi da gindin tafinka. Lafiyayyen dutse ba ya amsawa, sai dai hannunka ya ji zafi. Mai ɓawo kuwa za ka ji ya yi kuwwa kamar an buga ƙwarya a kife, wani lokaci ma ka ga 'yar ƙura ta fito ta gefensa. Bar shi. In ba makawa sai an bi ta wurin, a danna shi ƙasa, kada a finciko shi waje. Sannan murza babban yatsanka a jikin dutsen: in ƙwayoyi suna zubowa kamar tsaki, wurin ya ruɓe, takalmi zai zame a kansa, ƙarfen da aka kafa don igiya ma ba zai riƙe ba. Mai riƙon igiya a ƙasa ya sa hular kwano, ya kuma tsaya a gefe, ba daidai ƙarƙashin mai hawa ba.

Lokacin hawa na gaskiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko kusan digiri 15, hannu ba ya gumi, robar takalmi tana kama dutse sosai. A watannin nan rana tana karkata kudu, don haka fuskar dutsen da ke kallon arewa tana wuni cikin inuwa. Ita za ka nema. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta abin yakan juya, rana ta bi ta arewa da tsakar rana, inuwar da ka saba da ita ta ɓace.

Sai dai hunturu yana da nasa sharrin. Ƙurar da iska ke kwasowa daga arewa maso gabas tana kwanciya a kowane tudu da loko, laushi kamar garin alkama, kuma ita ce ke shiga tsakanin roba da dutse. Ka zo da burushi mai laushi, ba na waya ba, don na waya yana goge kaushin dutsen ya bar shi sumul har abada. Share matakan ƙafa tukuna, sannan ka goge tafin takalmin da tsumma, kada ka sake taka ƙasa da shi. Bushewar iska tana tsaga fatar yatsu; a shafa man kaɗe da dare, ba da safe ba, don maiƙo a hannu santsi ne. Igiya kuma a shimfiɗa ta a kan tabarma ko buhu, yashi in ya shiga cikinta yana cin zarenta.

A bazara, Afrilu da Mayu, zafi yakan haura digiri 40, jikin dutsen da ke rana kuwa ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Roba tana yin laushi ta riƙa murɗewa, fata tana kumburi. In dole ne, a fara bayan sallar asuba, a sauko kafin ƙarfe 9. Ɗora tafinka a dutsen ka ƙirga goma. In ba ka iya jurewa ba, hawa ya ƙare. Kowane mutum ya riƙe aƙalla lita 3 na ruwa, ɗaya a haɗa ta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri, ciwon kai ko magana ba kan gado, a sauko da shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki, in ya ruɗe a garzaya asibiti.

Damina gajeriya ce, Yuli zuwa Satumba, mafi yawan ruwan a Agusta, amma hadarinta ba ya sallama. Daga gabas yake tasowa, jar ƙura a gaba, ruwa a baya. Da ka ga gabas ta haɗe ko ka ji iska mai sanyi ta buso kwatsam, fara sauka. Ƙirga daƙiƙa tsakanin walƙiya da tsawa: kowace daƙiƙa 3 nisan kusan kilomita ɗaya ce tsakaninka da walƙiyar, in ƙirgen bai kai 30 ba kana cikin hatsari. Kada a fake a bakin kogo ko ƙarƙashin itace guda tilo, kuma a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Bayan ruwa, falalen dutse yakan bushe cikin awa ɗaya ko biyu in rana ta fito, amma tsaguwa da baƙaƙen layukan da ruwa ke gangarowa ta kansu suna daɗewa da laima, gansakukar wurin kuwa santsinta kamar na kuɓewa. Jar marmara da ta jiƙa kada ma a taɓa ta, gutsurewa take yi. A wannan lokaci ne kuma maciji da kunama ke yawaita a cikin tsaguwa, rina da ƙudan zuma a ƙarƙashin rumfar dutse. Leƙa, ka zura sanda, kafin ka zura hannu.

Dutsen da ke cikin unguwa kuma sai da izinin mai unguwa, domin tsakuwar da ta kuɓuce daga sama tsakar gidan wani za ta faɗa.