Darasi na Bakwai: Gishiri Mai Aidin da Ƙwaƙwalwar Yaro

Kowa a cikinmu ya san maƙoƙo, wannan kumburi da ke fitowa a gaban wuya, wanda a da wasu kan danganta shi da ruwan rijiya ko sammu. Babban abin da ke kawo shi shi ne ƙarancin wani sinadari da ake kira aidin. Akwai wata ƙaramar tsoka a wuya mai sarrafa aidin don girman jiki da na ƙwaƙwalwa, idan ba ta samu isasshe ba sai ta kumbura. Aidin ya fi yawa a abincin teku, mu kuwa a Kaduna muna nesa da teku, kuma ruwan sama kan wanke ɗan abin da ke cikin ƙasar noma.

Maƙoƙo dai ana ganinsa da ido, amma ɓarnar da ta fi shi muni ɓoye take, domin a cikin mahaifa take farawa. A nan ne ya kamata mu san mutanen da suka yi mana wahala. A 1917 wani likita a Amurka, David Marine, ya fara bai wa 'yan mata 'yan makaranta aidin a garin Akron, ya tabbatar da cewa yana hana maƙoƙo. Bayan kusan shekara hamsin, Basil Hetzel na Ostireliya da Peter Pharoah da abokan aikinsu suka yi bincike a ƙauyukan kan duwatsu na Papua New Guinea, inda ake yawan haihuwar yara kurame, bebaye, masu raunin hankali. Sun yi wa mutane allurar mai mai ɗauke da aidin, sakamakon da aka buga a 1971 kuwa ya nuna cewa idan mace ta samu aidin tun kafin ta ɗauki ciki, ana kare jaririnta daga wannan larura. Idan aka makara, abin da ya lalace ba ya gyaruwa. A 2007 ƙasar Tailan ta karrama Hetzel da lambar yabo ta Yarima Mahidol, kuma a ganina ya cancance ta, domin aikinsa ya ceci hankalin yaran da ba su taɓa jin sunansa ba.

Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a rana (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai juna biyu da mai shayarwa kuwa 250.

To, ina namu aikin? Idan kin je Kasuwar Barci ko ta Kawo, ki sayi gishirin da ke cikin ledarsa a rufe, mai lambar NAFDAC da rubutun da ke nuna yana da aidin, ki bar wanda aka zube a faranti rana na dukansa, domin zafi da danshi suna rage aidin. A gida a juye shi a kwalba mai murfi, a ajiye nesa da murhu, kada a tsoma jiƙaƙƙen cokali a ciki. Maigida mai yin cefane, wannan magana ta shafe ka, kuma kada arahar gishirin dabbobi ta ruɗe ka. Ba a ce a ƙara yawan gishiri a miya ba, saboda hawan jini. Abin da bai kai ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba a rana ya ishi babban mutum. Wadda ta ga kumburi a wuyanta, musamman mai ciki, ta nuna wa ma'aikaciyar jinya a ranar awo.