Yadda ake bin kadin tallafin ambaliya in ruwa ya yi ɓarna a unguwa

Duk damina labarin ɗaya ne a Katsina, ruwa ya cika kwalbatoci ya shiga gidaje, gini ya zube, bayan kwana biyu manya su zo da jerin motoci a yi jaje a ɗauki hoto, sai a ji a rediyo an ce an ware kaza. Daga nan shiru. Wanda ya ga abin da ya faru a Jibiya a watan Yulin 2018, da ruwa ya ci sama da mutum 40 cikin dare ɗaya, ya san ba wasa ba ne. To in abin ya zo unguwarku, ga yadda za ku yi don kada a ci da sunanku.

Kafin ma jami'an SEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, su iso, ku rubuta ɓarnar da kanku. A samu littafi guda da matasa biyu ko uku masu haƙuri, a bi gida gida: sunan maigida, ɗaki nawa ya faɗi, katanga ce ko masai, buhun hatsi nawa ya jiƙe, awaki nawa ruwa ya tafi da su. A ɗauki hoto da waya, mai gidan na tsaye a gaban ɓarnar, kuma kar a manta da zawarawa da matan da mazansu suka tafi ci-rani, don su ne ake fara tsallakewa tunda ba su da mai tsaya musu a layi. In an gama a kai wa mai unguwa ya sa hannu, liman ma ya sa, a yi fotokwafi uku, asalin ya zauna wurin wani dattijo da kowa ya yarda da shi. Wannan littafin shi ne komai wallahi. Ranar da lis ɗin gwamnati ya fito kuka ga sunan yaron kansila wanda gidansu na kan tudu ko danshi bai gani ba, da littafin za ku yi magana, ba da ihu ba.

Ranar rabo kuma a ƙirga. Tirela nawa ta zo, buhun shinkafa nawa aka sauke, bandir ɗin kwano nawa, siminti nawa, wa ya karɓa ya sa hannu. In an ce a kai sito a ajiye sai gobe, ku tambayi sito na wa, makulli na hannun wa.

Sai maganar kuɗi, inda mutane suka fi jin tsoro alhali doka na tare da su. Akwai dokar 'yancin samun bayanai da Jonathan ya sa wa hannu a 2011, ta ba kowa damar rubuta wa hukuma irin NEMA, mai ba da agajin gaggawa ta ƙasa, ya nemi bayani, ba sai ya faɗi dalili ba, kuma kwana 7 doka ta ba su su amsa. Takardar ta zama gajera, tambaya ta zama mai lamba: nawa aka turo wa ƙaramar hukumarmu, yaushe, ta hannun wa. Kar ka rubuta "me ya sa kuka yi watsi da talakawa", wannan ba ta da amsa, kwandon shara za ta. Ka tabbata an buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinka. Haka nan ku tambayi ɗan majalisarku na jiha ina kason asusun muhalli da ake rabawa daga Abuja yake tafiya, tunda don irin zaizayar ƙasa da ambaliya aka kafa shi. In an yi kunnen uwar shegu akwai hukumar karɓar koke-koke, in kuma kun ga alamar an karkatar da kaya akwai ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci.

Za a ce muku ƙaddara ce. Eh mun yarda da ƙaddara, amma hukumar kula da yanayi ta NiMet na fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA mai lura da ruwan koguna ma na faɗin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari kafin ruwa ya sauka. Don haka tambayar ita ce daga ranar gargaɗi zuwa ranar ambaliya magudanar ruwa nawa aka yashe. Mu ma dai da namu laifin, masu zuba shara a kwata da masu gini a kan hanyar ruwa, sai dai wani ofishi ne ya ba da filin ya kuma sa hannu a takardar.

Labarai kuwa a saurara da kunne biyu. Gidan rediyon gwamnati yakan fara da wanda ya kai ziyara, adadin gidajen da suka rushe sai can ƙarshe, 'yan adawa a Facebook su kuma su ninka adadin, wani lokaci har da hoton Maiduguri na 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a ce nan ne. Ka duba muryar wa aka sa a rahoton, in daga kwamishina sai ciyaman ba a ji ko mutum ɗaya da ɗakinsa ya faɗi ba, sanarwa ce aka karanta maka. Lura da kalma ma, "an amince a fitar" daban, "an fitar" daban, "an raba" daban. Ka haɗa da abin da BBC Hausa ko Aminiya suka kawo ka gwada da littafinku.

In za ku yi fostin, ku sa hoto da kwanan wata da lamba, ku bar zagi da kiran mutum ɓarawo ba hujja, don da dokar laifukan intanet ta 2015 ake kama mutane, kuma da zarar an kama ɗaya magana ta koma ta beli an manta da shinkafa. Ku fitar da shi da sunan ƙungiyar unguwa, mutum goma sun sa hannu, har da 'yan jam'iyya mai mulki in za su yarda. Bayan wata ɗaya ku sake komawa ofishin da kwafin nan mai hatimi.