Yadda Za Ka Gane Asid Da Alkali Da Ruwan Jan Kabeji

Mutane da yawa da zarar sun ji kalmar asid sai hankalinsu ya tafi kan ruwan batir ko wani abu mai ƙona fata, alhali wallahi kullum muna shan asid, lemon tsami asid ne, ruwan khal ma asid ne, har cikinka akwai wanda ya fi su ƙarfi yana narkar da abinci. Kishiyarsa kuma shi ake kira alkali, ba alƙalin kotu ba fa, kalmar daga Larabci ta fito kuma asalinta toka take nufi. Sabulu da bekin soda da garin wanki duk suna wannan ɓangaren.

Toh ga yadda za ka raba su da idonka ba sai ka ɗanɗana ba.

Ka nemo jan kabeji, wanda ganyensa yake shunayya ɗin nan, koren ba zai yi ba. Yanka kamar rubu'insa ƙanana ka zuba a kwano, ka kwara masa tafasasshen ruwa har ya sha kansa, ka barshi minti 15 zuwa 20, sai ka tace. Ruwan zai fito shunayya mai duhu, warin kam ba daɗi sai haƙuri. Barshi ya huce.

Sai ka jera kofunan gilashi guda bakwai a kan farar takarda don launi ya fito sosai, kowanne ka zuba masa ruwan kabejin kaɗan. Na farko kar ka taɓa shi, da shi za ka riƙa gwada sauran. Na biyu matsa lemon tsami, nan take zai koma ja ko ruwan hoda, na uku ɗiga khal shi ma haka. Na huɗu saka rabin ƙaramin cokali na bekin soda ka juya, zai koma shuɗi mai ɗan kore-kore, na biyar garin wanki, wannan yawanci kore yake bayarwa. Na shida gishiri, na bakwai sukari, kuma kar ka ce gwajin ya lalace don ka ga ba su canza ba, haka ya kamata, su ba asid ba ne ba alkali ba.

Abin da ke faruwa shi ne akwai wani sinadarin launi a cikin kabejin mai suna antosayanin, siffarsa tana sauyawa gwargwadon yawan haidurojin mai caji, wato wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ɗauke da cajin lantarki, da ke yawo cikin ruwan. Asid yana sakin haidurojin ɗin nan, alkali yana kwashe shi. Ma'aunin da ake auna wannan shi ne pH, wani masani ɗan ƙasar Denmark mai suna Sørensen ya fito da shi a 1909, ana ƙirga shi daga 0 zuwa 14, tsantsar ruwa yana kan 7, ƙasa da haka asid sama da haka alkali. Lemon tsami wajen 2 yake, bekin soda a ruwa 8 da ɗan wani abu, jinin mutum kuma kusan 7.4. Inda ɗalibai suke yawan faɗuwa shi ne zaton tazarar 2 da 3 ɗan taki ɗaya ne, a'a ninki 10 ne a ƙarfin asid, kenan tsakanin 2 da 4 ninki 100.

Gishirin nan da ya yi shiru shi ya fi bani mamaki gaskiya. Haɗin sodiyam ne da kulorin, sodiyam ƙarfe ne mai laushi da za ka yanka da wuƙa amma in ya faɗa ruwa sai ya hau tafasa har ya kama wuta, kulorin kuma iska ce mai guba da aka kashe sojoji da ita a yaƙin duniya na ɗaya a 1915, amma da suka haɗu sai ga abin da ba a iya girki sai da shi. Shi ma ruwa haka, atam (wato ƙwayar zarra) biyu na haidurojin da ɗaya na oksijin, ɗaya yana ci da wuta ɗaya yana rura ta, haɗinsu kuma yana kashe ta.

Yanzu ɗauki kofin khal ka juye a hankali cikin na bekin soda. Kumfa zai taso fuuu, iskar kabon dayoksaid ce irin wadda ke cikin lemon kwalba, launin kuma zai riƙa komowa wajen shunayya don kowanne yana karya ƙarfin ɗan uwansa.

Amma dan Allah wannan juye-juyen ya tsaya nan. Kar ka kuskura ka haɗa bilic na wankin fararen kaya da khal ko lemon tsami ko ruwan wanke banɗaki, kulorin ɗin nan ne zai taso ya shaƙe ka. In za ka gwada bilic to a kofinsa shi kaɗai, taga a buɗe, yara a nesa, za ka ga ya yi ɗorawa daga baya launin ya ɓace gaba ɗaya.

Ragowar ruwan kabejin ba ya daɗewa yake lalacewa, don haka tsoma farar takarda mai shan ruwa a ciki ka shanya a inuwa, in ta bushe ka yayyanka siri-siri ka adana a busasshiyar kwalba, duk abin da kake son gwadawa ɗigo ɗaya ya isa.